Gidaje biyu a Kumasi: in raba su tun ina raye ko in bar wasiyya?

"Assalamu alaikum Lauya. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, shekaruna sun haura 60. Ina da gida a Aboabo inda nake zaune da matana biyu, da wani a Tafo da na zuba 'yan haya, da ɗakuna uku a gidan mahaifinmu na cikin Zango da har yau ba a raba ba, sai ɗan abin da ke banki. 'Ya'yana shida, maza huɗu mata biyu, kuma mahaifiyata na nan da ranta. Babban ɗana da ke Ingila ya matsa mini in raba gidajen kyauta tun yanzu, wai in na mutu gwamnati za ta kwashe kusan rabi da sunan haraji. Wani malami kuma ya ce Musulmi ba ya bukatar wasiyya tunda Allah ya riga ya raba gado. Wanne zan bi?" — Alhaji, daga Aboabo

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya ja da ran Hajiya. Tambayarka biyu ce a haɗe: nawa hukuma za ta karɓa daga abin da ka bari, sannan da wace ƙa'ida za a raba sauran. Ɗanka ta farko ce ta hana shi barci, alhali a ƙasar nan ta biyun ce take raba zumunci. Shi da malamin kowa na da gaskiyarsa, sai dai dukansu suna magana kamar ba a Ghana dukiyar take ba.

Harajin da ɗanka yake tsoro

A Ingila akwai harajin gado na gaske. Abin da ya haura fam 325,000 ana karɓar kashi 40 cikin ɗari a kansa, kuma kyautar da mutum ya yi, in ya ƙara shekara bakwai a duniya bayanta, takan fita daga lissafi. Shi ya sa duk wanda ya zauna can yake dawowa gida da shawarar a raba da wuri. Ghana ba ta da wannan harajin. Babu jami'in hukumar haraji ta ƙasa, GRA, da zai zo bayan sadakar arba'in ya ce a ware masa kason gwamnati daga gidan Aboabo.

Abin da ake biya, a kotu ake biyansa. Kafin magada su iya taɓa kuɗin banki ko su juya sunan gida, sai kotu ta ba da takarda: in akwai wasiyya, takardar tabbatar da ita, in babu, takardar izinin kula da gado, wadda kowa ya fi sani da L.A. A kan kowacce ana biyan kashi 3 cikin ɗari na darajar dukiyar da aka lissafa. In aka yi wa gidan Tafo kuɗi sidi 900,000, kasonsa 27,000 ke nan. Kuɗi ne, amma ina 3 ina 40.

Inda abin yake ciwo shi ne lokacin biyan. Sai an biya kafin takardar ta fito, a daidai lokacin da banki ya kulle asusun mamaci. Na sha ganin iyalin da aka bar wa gidaje suna bin dangi da karo-karo don su fanshi takarda, wasu kuma su haƙura, a shekara goma ba a nemi L.A. ba. Maganinsa mai sauƙi ne: ka ware wani kuɗi tun yanzu a inda ba za a kulle shi ba, a hannun wanda ka amince da shi, a rubuta a san na wannan hidimar ne. Kada kuma wani ya ba iyalinka shawarar ɓoye gida ɗaya ko karya masa daraja don a rage kason kotu. Jerin dukiyar da rantsuwa ake shigar da shi, kuma gidan da ba ya cikin takarda ba za a iya juya sunansa ba sai an sake komawa kotu.

Kyauta tun ana raye

A nan ne shawarar ɗanka za ta iya zama gudun gara a faɗa gidan zago, domin a Ghana kyauta ce dokar haraji ta fi sa wa ido, ba gado ba. Tsohuwar dokar haraji ta 2000 tana da harajin kyauta daban, kuma ta fito fili ta yafe abin da aka samu ta wasiyya ko gado, da kyautar da ta fito daga miji ko mata, iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwa na kusa. Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 2015 mai lamba 896 ta maye gurbinta, ta mayar da kyauta cikin kuɗin shigar wanda aka ba. Wanda ya karɓi kyautar da ba ta wurin aiki ko kasuwanci ba zai iya zaɓar a caje shi da ƙima guda a kanta, wadda a da kashi 15 ce, aka ɗaga ta zuwa 25 a 2023. Mutane da yawa har yau da jerin yafiyar tsohuwar doka suke aiki a ka. Ni ba na barin wanda nake wa aiki ya miƙa gida sukutum a kan "ai an ce ɗa ba ya biya". Dokar tafiyar da haraji ta 2016 ta ba kowa damar rubuta wa Kwamishina Janar na GRA ya nemi hukunci a rubuce kan lamarinsa kafin ya aikata, kuma wannan nake sa a fara yi. Lissafa da kanka: in hukumar ta ɗauki gidan nan na 900,000 a matsayin kyautar da ake biya wa haraji, kashi 25 ɗinsa 225,000 ne, don gudun 27,000.

Ga kuma kuɗin hatimi. Takardar kyautar gida sai an buga mata hatimin gwamnati, ana biya gwargwadon darajar gidan, alhali takardar da masu kula da gado suke miƙa wa magaji gida da ita tana cikin waɗanda dokar hatimi ta yafe. Sannan Dokar Filaye ta 2020, a sashe na 47, ta hana miji ko mata sayarwa, jinginarwa ko kyautar da filin da aka saya a cikin zaman aure ba tare da amincewar ɗayan a rubuce ba. In ka sayi filin Tafo bayan ka yi aure, sai da sa hannun iyalinka.

Ta fuskar addini ma kyauta ba wasa ba ce. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiyarsa. In ka ce "na ba wane gidan Tafo" amma kai ne kake karɓar haya har ranar da ta Allah ta kasance, gidan ya koma cikin gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ga hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya fifita ɗa ɗaya da ita. Maƙwabtanmu Tonawa ma ba sa ɗaukar kyautar fili a matsayin ta tabbata sai an yi ta a gaban shaidu, wanda aka ba ya kawo godiyar da suke kira aseda.

Wani abin kuma ba doka ba ne, ba fiƙihu ba, gani ne na ido. Dattijon da ya raba gidajensa yana da sauran kwana, ya zama baƙo a abin da ya gina. Akwai wanda ya juya wa ɗansa gida, ɗan ya kai takardar banki ya ci bashi, kasuwa ta juya masa baya. Akwai wanda ɗan ya riga shi tafiya, gidan ya zama gadon matar ɗan da 'ya'yanta. Ban ce kyauta ba ta da wuri ba. Jarin da za ka ba yaro ya kama sana'a, ko fili ga 'yar da kake jin rabonta ba zai ishe ta ba, duk suna da kyau in an yi adalci an rubuta. Amma gidan da kake kwana a ciki da wanda kake ci daga hayarsa, ka riƙe abinka.

In ka tafi ba wasiyya

Malam ya yi gaskiya cewa rabon gado yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, kuma ba mai iya sauya shi. Abin da ya tsallake shi ne, kotun Ghana ba da shi take aiki ba in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba. A da, dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce wanda ya yi rajistar aurensa a ƙarƙashinta za a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci. Dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, ta soke wannan sashen. Tun daga nan, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk ma'auni ɗaya ne.

Ga yadda take rabo a gida irin naka. Kayan amfanin gida na mata da 'ya'ya ne. Gida ɗaya nasu ne su duka a haɗe, kuma tunda gidajen sun fi ɗaya, su za su zaɓi wanda suke so. Abin da ya rage sai a kasa shi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a bi al'adar dangin mamaci. A ce abin da ya rage sidi 480,000 ne. Matanka biyu za su raba 90,000, 'ya'ya shida kowa 45,000 ba bambancin namiji da mace, Hajiya 60,000, dangi 60,000. A rabon shari'a kuwa, wannan kuɗin dai, mata suna da tumuni, wato 60,000, Hajiya tana da sudusi, 80,000, kowane ɗa namiji 68,000, kowace 'ya 34,000. Kuma a shari'a gidan zaman ma cikin rabo yake, har Hajiya tana da sudusinta a ciki.

Gaskiya ne a Zango yawancin gado a zaure ake raba shi, a kira malami ya buga lissafi, kowa ya karɓa ya yi addu'a. Hakan yana tafiya muddin kowa ya yarda. Ranar da mutum ɗaya ya ƙi, ko 'ya ce da mijinta ya zuga, ko ɗa ne da aka haifa a wani gari ba wanda ya san da shi, ya shigar da ƙara, alƙali PNDC 111 zai buɗe. Don haka a ƙasar nan wasiyya ita ce hanyar da Musulmi yake da ita ta sa kotu ta bi rabon da Allah ya yi. Ba kishiyar rabon ba ce.

Yadda za a rubuta ta

Dokar Wasiyya ta 1971 mai lamba 360 ba ta da wuya, amma ba ta yafe kuskure. Dole ta kasance a rubuce, ka sa hannu ko ka dangwala a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Wanda zai amfana da wasiyyar kada ya zama shaida, don abin da aka ba shi zai iya faɗuwa. Kada ka kira ɗanka ko matarka, ka nemi limamin unguwa da wani abokin kasuwa. Sharaɗin da ya fi kayar da wasiyyoyin mutanenmu shi ne na wanda ba ya karanta harshen da aka rubuta ta da shi. Dattawanmu da yawa sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta ajami, amma takardar da Turanci take. Doka ta ce sai wani ya karanta masa ya fassara, sannan ya rubuta a jikin wasiyyar cewa ya karanta masa kuma ya ga alamar ya fahimta. Na taɓa riƙe wata wasiyya mai shafi huɗu, an buga ta tsaf, ga dangwalen mamaci da shuɗin tawada a ƙasan kowane shafi, ga shaidu biyu, amma babu waɗannan layuka uku na mai fassara. A kansu aka shekara ana shari'a.

A cikinta ka fara da abin da shari'a ta fara da shi: hidimar jana'iza, sannan bashi, har da sauran sadaki in akwai, da kayan amana na abokan ciniki da ke hannunka. Sai sulusi, wanda hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya iyakance, kuma ba a yin sa ga mai gado. Sulusin nan ne wurin gyara abin da rabo bai kai gare shi ba: jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa, yaron da ka riƙa, makarantar allo, ko wanda fiƙihu bai ba shi gado ba amma dokar ƙasa ta san da shi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Tsarin Mulki na 1992, a sashe na 22, ya ce ba za a hana miji ko mata kaso mai ma'ana daga dukiyar abokin zamansa ba, da wasiyya ko babu, sashe na 28 kuma ya ba kowane yaro wannan haƙƙin ko an haife shi cikin aure ko a waje. Dokar Wasiyya ma ta ba uba, uwa, mata ko miji, da ɗan da bai kai 18 ba damar zuwa Babbar Kotu cikin shekara uku in an bar su cikin ƙunci. Wasiyyar da ta toshe waɗannan ƙofofin tun farko ita ce take tsayawa.

Sauran dukiyar sai ka ce a raba bisa shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya, ga waɗanda suke raye ranar rasuwarka, ka kuma faɗi wanda zai yi lissafin, ko mutum ko muƙami, kamar limamin masallacinku. Ba na son a rubuta adadin kason kowa da lamba, don ba a san wa zai riga wa ba. In Hajiya ta riga ka, lissafin gaba ɗaya ya sauya. Ka naɗa masu zartarwa biyu, zai fi kyau ba daga ɗaki ɗaya ba, kuma kada dukansu su kasance a ƙasar waje. In an gama, a kai ta ajiya rajistarar Babbar Kotu a Adum a karɓo rasit, ka gaya wa mutum biyu inda take. Abin da matanka suka sa kuɗinsu a ciki, ko ɗakin da ɗaya ta gina da kuɗin sana'arta, ka bayyana shi a fili cewa nata ne, ba ya cikin gado.

Ɗakunan Zango da takardun fili

Ɗakuna ukun nan su ne na fi jin tsoro a duk abin da ka lissafa. Mutum ba ya wasiyya sai da abin da yake nasa, kuma gidan da ba a raba ba tun rasuwar mahaifinku, ba a san iyakar naka a ciki ba. Zaman da kake yi da ɗakunan ba shi ne mallaka ba. Irin waɗannan gidajen sun cika Zango da Aboabo da Asawase: kaka ya gina, 'ya'ya goma suka gada ba a rubuta ba, yanzu jikoki sittin, kowa na da ɗaki ko rabin ɗaki, ba mai gyara rufi, ba mai iya sayarwa. Tunda kai da 'yan'uwanka da Hajiya kuna raye, ku zauna a raba gadon mahaifinku a rubuce, a nemi L.A. ɗinsa in ba a taɓa nema ba. Abin da ku 'yan'uwa ba ku iya warwarewa ba, 'ya'yanku da ba su tashi tare ba ba za su iya ba.

Gidajenka biyu ma ka duba takardunsu. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ce ta dogon zango ake bayarwa, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa in gidan zama ne, kuma takardar rabon fili da sarkin unguwa ya ba ka mataki ne na farko kawai. Sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia da Hukumar Filaye kafin ta zama cikakkiya. Ka tabbata sunan da ke jikin indenca, wato takardar hayar filin, shi ne na katin Ghana ɗinka, don mutanenmu suna da sunan makaranta, da na gida, da na bayan aikin Hajji. Ka biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara da na majalisar gari, ka adana rasit. In a cikin 'ya'yanka akwai wanda ba ɗan ƙasa ba ne a takarda, ka sani Tsarin Mulki bai yarda baƙo ya riƙe hayar fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba, sai lauyanka ya duba yadda za a tsara kasonsa.

Harajin da zai biyo baya

Wanda magada suka fi haɗuwa da shi yana zuwa ne bayan rabo. Kuɗin hayar gidan zama ana biyan kashi 8 a kansa, na shago ko ofis kashi 15, kuma bashin da ka bari na wannan daga dukiyar za a cire. In suka sayar da gida, ribar tana da haraji, kuma tun 2023 mai saye yana cire kashi 3 daga kuɗin ya miƙa wa hukuma in mai sayarwar mazaunin ƙasa ne, kashi 10 in ba mazauni ba ne, wanda ya shafi ɗanka na Ingila kai tsaye. Rasit ɗin siminti da rodi da kuɗin magina da kake jefawa a kwali, su ne hujjar abin da aka kashe ranar da za a lissafa riba.

Sunan da ka rubuta a banki a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji. Banki takardar kotu zai nema, haka ma kamfanin waya a kan kuɗin MoMo, wato kuɗin da ke cikin asusun waya. Asusun da aka daina taɓawa shekara biyu ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kwanta, in ya cika biyar a tura kuɗin Babban Bankin Ghana, don haka ka rubuta jerin asusunka ka haɗa da wasiyyar. In kana biyan SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, su da sunayen da ka ba su suke aiki, sai ka je ka sabunta.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, tunda ban ga takardunka ba, kuma ƙimar haraji takan motsa da kasafin kuɗin kowace shekara, ga dokar gadon 1985 da aka daɗe ana maganar sauya ta a majalisa. Lissafin rabo aikin malamin fara'ili ne, ni nawa in sa kotu ta karɓe shi, don haka ka haɗa malamin da lauyan a zama ɗaya. Shi kuma ɗanka, in yana da gida ko ajiya a Ingila, shi ne yake bukatar shawarar da ya ba ka, kuma lauyan can zai nema, don wasiyyar da aka rubuta a Kumasi ba ta rage masa ko fam ɗaya daga harajinsu.